Kowa Ya Ɗaga Hannu

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2014
Tun bam ɗin tasha majami'armu ta sayi sandar caje, mai kuka in ta ji ƙarfe. To wa ake cajewa? Baƙi, da matan da suka gudo daga Mubi da 'yan ƙunshinsu. Mai zanen Zumuntar Mata kuwa sai ta wuce abinta, wai "ai tamu ce." Zanen da ko wa ya je kasuwa zai saya! Dattawa ma haka, da manyan rigunan da za su ɓoye akuya. Na tsufa ina koyar da tarihi, na san yadda ake cin gari: ta ƙofar da aka bar wa 'yan gida.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Na tashi a taron ikilisiya na ce ko a caje kowa, ko a jefar da sandar. Dattijo Ɗantala ya gyara murya, "Malama Hilda, Ubangiji ne mai tsaronmu." Na ce, "To Baba, gobe ka cire kwaɗon shagonka." Har Fasto Isaiah sai da ya sunkuyar da kai. An ɗaga hannu, na yi nasara. Suka miƙa mini sandar, tunda ni na jawo. Sun zaci horo ne.

Lahadi, 16 ga Nuwamba
Na caje Ɗantala. Sanda ta yi kuka a aljihun hagu: gwangwanin tabar shaƙa. Mutumin da ya hana matasa cin Jibin Ubangiji saboda sigari! Na ɗaga gwangwanin sama, layi duka ya gani. Theodora, shugabar Zumunta, na sa ta kwance ɗaurin kanta, duk allurai ne a ciki. 'Yar Ibo ce, amma a nan unguwar Shamaki aka haife ta, harshenta ba ya jin tsoron nawa. Ta ce, "Yaya, bam kike nema ko mutuncinmu?" Na ce duk wanda na fara samu.

Lahadi, 14 ga Disamba
Masu gudun caje sun gano ƙofar baya ta gidan Fasto. Na sa mata kwaɗo. Munafukai.

Lahadi, 4 ga Janairu, 2015
Bencin baya fayau. Wai tsoro ne ya hana mutane zuwa. Kirsimeti ta wuce lafiya, shi ke nan an fara cewa ai abin ya lafa. Haka muke: mu yi tuba da hawaye ranar Lahadi, kafin Talata mun koma ruwa. Ba mu iya riƙe komai ba sai gaba.

Alhamis, 15 ga Janairu
Fasto ya ce dattawa za su sake kawo maganar a taro, su soke cajen 'yan gida. Ɗantala ya bi gida-gida. In suka soke, an koma lalube matan Mubi kaɗai, ƙofa kuma a buɗe ga duk mai zanen da ya dace.

Da la'asar sai ga Theodora har gidana a Kagarawal. Ko ruwa ban ba ta ba. Ta zauna da kanta. Ban riƙe duka ba, amma ta ce, "Dokarki daidai ce, ni ma 'ya'yana a ciki suke zama. Amma mutane ba caje suke gudu ba, ke suke gudu." Wai in ba ta sandar, ita kuma ta kawo mini hannun mata duka a taro. Na ce, "Maman Tobenna, kin zo cin gado tun ban mutu ba?" Ta ce, "Zaɓi, Yaya. Ko sanda, ko doka." Na nuna mata ƙofa.

Juma'a, 16 ga Janairu
Theodora, mai sayar da atamfa, za ta koya mini magana. Ni!

Litinin, 19 ga Janairu
Na lissafa waɗanda za su goya mini baya don ni ce. Ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ko matan Mubi, da nake cewa dominsu na yi, in sun hango ni sai su sauya gefen hanya. Butulu. Ko da yake... a'a. Butulu.

Laraba, 21 ga Janairu
Taro. Kafin Ɗantala ya gama addu'ar buɗewa mai tsawon hanyar Biu, na tashi na ajiye sandar a gaban Theodora. Na koma na zauna. Mata suka ɗaga hannu kamar dawa a gona. Doka ta tsaya. Ɗantala ya ce, "Mun gode Allah da ya sauƙaƙa mana." Ni yake nufi. Na ciji harshe har na ji gishiri.

Lahadi, 8 ga Maris
Har yau ana cajen kowa, har Fasto. Benci ya cika, ban ce saboda me ba. Theodora tana yi tana surutu, "Ina gajiya, Baba? Ɗaga hannu mu yabi Ubangiji!" Su kuma suna dariya kamar an ba su kyauta. Abin haushi.

Na bi layi, na ɗaga nawa hannun. Matar da ke gabana, na lura Theodora ba ta taɓa jakar goyonta ba sam. Maganar ta zo mini har baki, mai kyau, mai kaifi, da layi duka ya ji. Na jira aka tashi, na same ta ita kaɗai a bayan ɗakin mawaƙa, na faɗa mata. Ta ce, "Na gode, Yaya." Ta daɗe tana kallona.

Maƙogwarona ne ke ciwo yau, shi ya sa ban faɗa a layi ba.