Ma'aunin Albarushi

Fatakwal, 9 ga Satumba, 2023

Ɗana Mahadi,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Gwaggo Maijidda da ciwon ƙafarta? Babanka kuwa ba sai ka gaishe shi ba, tun da na bar Tsiga bai taɓa neman lafiyata ba.

Ni lafiyata ƙalau. Gadin ƙofa ba wuya, sai dai nan ba mai kirana Malam, ba kuma wanda nake cin tuwo da shi.

Na ji ka fara ɗura bindigar toka saboda birai sun addabi masararku. Ka saurare ni. Kada ka auna albarushi da tafin hannu. Je wurin maƙerin da ya ƙera bindigar ya yanka maka ma'auni, ka fara da abin da bai cika shi ba. In ka sake mai sayar maka, ka ɗauka ba ka san ƙarfin sabon ba, ka koma farko. Kada ka gauraya iri biyu a gora ɗaya.

Abin da babanka ya yi mini ke nan. Ya ari gorata, ya cike ta da wani albarushin da ya sayo a Danja, bai gaya mini ba. Na auna yadda na saba, bindiga ta tsage a hannuna. Har yau cewa yake ƙaddara ce.

In Abdulwaheed direba zai taho, ka ba shi daddawa ya kawo mini. Allah ya tsare ka.

Baffanka,
Abdussamad

Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi. Yatsu uku na dama suka tafi, aikin koyarwa ya bi su.