Wankan Jego Yana Cinye Mini Fuska

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa. A sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Bari in bi abin daki-daki. Ni fara ce, shekara uku ke nan kumatuna da hancina suna yin ja, ga ƙananan ƙuraje, ga raɗaɗi kamar an watsa mini barkono. Na shafa man kemis kala-kala, sai ya lafa sati biyu ya dawo ya fi da. Da na je asibiti likitar fata ta ce sunan ciwon rosacea, ba ya warkewa kwata-kwata amma ana lallaɓa shi. Ta ba ni man shafawa safe da yamma, ta hana ni abu uku, rana, yaji, da tururin ruwan zafi. Na kiyaye, fuska ta kwanta.

To yau kwanana goma sha biyu da haihuwa, ina gidanmu a Limancin Kona, kuma Gwaggo, yayar babana da ta raine ni, ita ke mini wankan jego. Ruwa sai ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa mini, safe da yamma, in fito a miƙo mini kunun kanwa da gasasshen nama jajir da yaji. Ran suna fuskata ta kumbura, har wata maƙwabciya ta ce a gaban mutane, "Mai jego, a dai rage shafe-shafe." Ni da ban taɓa bilicin ba.

Na farko na roƙi Gwaggo a sirka ruwan, ta ce jan nan mugun jini ne ke fita, in aka sirka sanyi zai shige ni. Na biyu na faɗa mata abin da likita ta ce, ta tambaye ni likitar 'ya'ya nawa ta haifa. Na uku ta ɗauke man da likita ta ba ni, wai mai shayarwa ba ta shafa maganin Turawa, alhali likita ta ce babu komai. Baba ba ya musu da yayarsa. Maigidana kuwa cewa ya yi in yi haƙuri saura kwana ashirin da takwas, kamar fuskarsa ce ake dafawa.

Tun jiya idanuna suke ƙaiƙayi kamar an zuba yashi, kuma likitar ta ja mini kunne in ya taɓa ido kada in yi jinkiri. Na ce zan je asibiti gobe, Gwaggo ta ce mai jego ba ta tsallake zaure sai ta yi arba'in, in na fita kada in ƙara kiranta Gwaggo.

Matar nan ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ta rasu, ban taɓa ɗaga mata murya ba. In ɗauki katina na asibiti in fita gobe, ko akwai hanyar da za a shawo kanta kafin safiya? Ku amsa mini da wuri, yanzu haka an ɗora tukunyar ruwan wankan yamma.