Ranar da Aka Raba Ni da Maigidana a Tasha

Zuwa ga Alhaji, mai shuɗɗan motocin haya da ke jigila tsakanin Dogon Dutsi da ƙauyuka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Saratu, matar Mushe Iliya (Mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan), wanda ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, har ƙarfinsa ya ƙare. Ban ambaci sunanka ba, don ba tozarta ka nake nufi ba. Na je ƙofar gidanka aka ce ka yi tafiya, na koma aka ce kana hutawa. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na farko, ina so ka san ko su wane ne mu a cikin motocinka. Da Mushe ya ajiye aiki, yaranmu duk sun watse, wasu Yamai, wasu gidan aure. Gida ya yi mana girma. Wata safiya ya ce mini ya gaji da garuruwan da ya yi ta rubuta sunayensu a allo bai taɓa shan ruwansu ba. Tun daga nan muka fara fita: mu tashi da safe, mu yini a wani gari, mu dawo kafin kaji su shiga akurki. Mun je Matankari, mun je Kore Mairuwa. Mun je Dogon Kiriya, muka dawo ƙugu na ciwo, muna dariya. Ba biki, ba ta'aziyya, ba ciniki. Mu zaga kasuwa, mu sayi rake ko muruci, mu zauna a inuwa muna kallon mutane. Matan majami'armu sun sha tsokanata, wai na tsufa ban daina amarci ba. Ban taɓa jin haushi ba.

Daga baya mantuwa ta kama shi. A gidan likita aka ce ta tsufa ce, sai haƙuri. A gida yakan kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tun muna matasa. Amma da zarar mota ta hau hanya, iska ta bugi fuskarsa, sai ya dawo. Ya riƙa nuna ƙauyuka yana faɗin sunayensu, ya taɓa gwiwata ya ce, "Saratu, dubi gerona nan, ya fi na bara." Ba shi da gona a can, amma sunana ya kira daidai. Alhaji, a cikin motarka kaɗai nake samun mijina. Abin da nake saye ke nan duk ranar da na biya kuɗin kujera biyu.

Na biyu, ga abin da ya faru. Bayan girbin bara, ranar kasuwar Tibiri, muka zo tasha. Na gaya wa kamashonka, mai loda fasinja, cewa tsohon nan ba ya tafiya shi kaɗai, kujera biyu muke so a mota ɗaya, ko da za mu jira. Ya ce ya ji. Na juya sayen ruwa. Kafin in karɓo, ya kama hannun Mushe ya cike da shi gurbin da ya rage a motar farko. Na taho ina kira, mota ta riga ta ja. Abin da ya ce mini shi ne, "Inna, ai wuri guda za ku, ki biyo ta baya."

Na biyo ta baya. Na isa Tibiri, babu shi. Direban farko na cin abinci a rumfa, ya ce wani tsoho ya sauka a hanya lokacin da aka tsaya sauke buhuna, bai lura ko a wane ƙauye ba ne. Ko hannunsa bai cire daga kwano ba.

Ni da ban taɓa hawa babur ɗin kabu-kabu ba, ranar na hau. Muka riƙa tsayawa ƙauye-ƙauye ina tambaya: ko kun ga wani dattijo dogo, da farar hula, yana magana kamar malamin lakwal? Rana ta karkata kafin wani manomi mai amalanke ya ce ya ga irinsa a cikin karan gero. Na same shi zaune a gindin gawo, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓɓansa sun bushe, ƙarangiya ta cika masa wando. Ya dube ni kamar baƙuwa. Ya ce in taimaka masa, matarsa ta tafi ta bar shi. Na zauna kusa da shi ina cire masa ƙarangiya, ina cewa za ta dawo.

Na uku, abin da ya biyo baya. Tun ranar, in ya ji ƙarar mota sai ya riƙe ƙofa. Babban ɗanmu ya bugo waya daga Yamai ya ce yawo ya ƙare, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu muna gida. Ina dafa abinci, ya ci, ya gode mini kamar yadda ake gode wa maƙwabciya. Da marece in shimfiɗa tabarma mu zauna, shi yana kallon bango, ni ina kallonsa. Damina ta zo ta wuce bai kira sunana ba. Gwauruwa ana zuwa mata gaisuwa; ni mijina na nan da rai, ba wanda ya san akwai abin yi mini gaisuwa.

Na koma tasha don in yi magana da kamashon. Ban nemi komai ba illa ya amsa cewa ya yi kuskure. Ya ce ai an gan shi lafiya, me kuma ya rage? Wani a gefe ya ce tsofaffi su zauna gida mana. Aka yi dariya, na juyo.

Ga roƙona. Ba na son a kori kowa. Kamashon ma yana da bakunan da yake ciyarwa. Ka tara mutanenka ka gaya musu: in mutum biyu suka zo tare suka ce kada a raba su, to, kada a raba su, ko da mota za ta tashi da gurbi. Kuma direba ya riƙa duba wanda ya sauka a hanya, musamman tsoho da marar lafiya, kamar yadda yake duba kaya.

Roƙo na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Ka ba ni izini, ranar da ba kasuwa, in zo da Mushe mu zauna a cikin ɗaya daga motocinka tana tsaye, injin a kashe, ƙofa a buɗe. Ba za mu je ko'ina ba. Ina so in gani ko zai sake sabawa. Ban sani ba ko zai yarda ya shiga. In ya ƙi, zan kama hannunsa mu koma gida a ƙafa, ba kuma zan sake damunka ba.

Allah ya tsare motocinka da duk wanda ke cikinsu. Allah ya ba ka tsufa mai kyau, ya bar maka hankalinka, ya bar ka da wanda zai riƙe hannunka.

Wassalam.

Saratu, matar Mushe Iliya,
Dogon Dutsi.