Buhun Gyaɗa Ba Shi Da Fuska

Zuwa ga Hajiya Shugabar makarantarmu ta koyon aikin jinya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da sauran malamanmu. Ya ɗawainiya da mu? Allah ya saka da alheri.

Ranki ya daɗe, sunana Sunusi, ina cikin ɗalibanki da ake kira masu maimaitawa. Sau biyu ina zama jarrabawar samun lasisin aikin jinya, duka biyun na ci ta rubutu, na faɗi ta aiki da hannu. Kin fi ni sanin ƙa'ida, zama na uku shi ne na ƙarshe. In na sake faɗuwa, shekarun da na yi a makarantarki sun tafi ke nan, sai in koma gona da farar riga a cikin akwati. Na yi zaman bencin ofishinki har na gaji, kullum a ce kina taro, shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai karanta. Ba rashin kunya ba ce, tsoro ne ya kawo ni nan.

Na farko, maganar ɗakin gwaji. A cikinsa akwai mutum-mutumin roba mai girman mutum, wanda a kansa ake jarraba mu: a yi masa allura, a sa masa robar abinci ta hanci, a juya shi a gado, kana yi kana yi masa bayani da Turanci kamar majinyaci. Duk zamana a makaranta ta taga kawai nake hango shi, naɗe cikin leda. An ce kada mu lalata shi, ana adana shi ne saboda baƙin da ke zuwa tantance makaranta. In baƙi za su zo sai a share ɗakin, a cire ledar, a lulluɓe shi da sabon zanen gado. Suna shiga mota a mayar da kwaɗo. Mu kuwa a allo aka koya mana, sai ɗan abin da muka gwada a jikin juna.

Na biyu, abin da hakan ya jawo mini. Ranar jarrabawa ce ranar da na fara ganin fuskarsa. Aka kaɗa ƙararrawa, na shiga, na yaye zanen. Baki a ɗan buɗe, ido bai gama rufuwa ba, jiki sanyi ƙalau. Hajiya, fuskar Yaya Habu na gani. Shi ne yayana da maciji ya sara a gonar gero, ya cika a bayan mota kafin a isa Kano, kuma ni na riƙe kansa da ake yi masa wanka. Saboda shi na shiga wannan karatu. Ina tsaye sirinji ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, Turancin da na haddace ya gudu, ko gaisuwa na kasa. Mai jarrabawa ta dube ni, ta rubuta abin da ta rubuta. Aka sake kaɗa ƙararrawa, na wuce tebur na gaba da wannan ruɗewa, shi ma na ɓata shi. Zama na biyu ya fi muni, domin tun daga bakin ƙofa na san abin da ke ƙarƙashin zanen.

Ba jini nake tsoro ba, ba kuma majinyaci ba. A asibitin da kuka tura mu koyon aiki na wanke gyambo, na riƙe yaro mai jijjiga, ko gezau ban yi ba. Mai rai yana nishi, yana faɗa, yana damƙe maka hannu. Wannan kuwa rufin ɗaki kawai yake kallo.

Na uku, yadda ake yi da masu maimaitawa. Sakamako na fitowa aka ce mu kwashe kayanmu daga ɗakin kwana, mu je gida mu shirya. Na dawo na roƙi malamin da ke riƙe da makulli ya bar ni in shiga, ko tsayuwa ce in yi in dube shi. Ya ce umarni daga sama yake, kuma yanzu ni ba cikakken ɗalibi ba ne. Ya ƙara da cewa ƙato da gemunsa ba ya tsoron 'yar tsana. Waɗanda ke wurin suka yi dariya, ni ma na taya su, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Na huɗu, ga shirin da nake yi a gida, don ki san ba a kwance nake ba. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, gida a jikin gida, darni kawai ya raba mu da maƙwabta. Baba ya ba ni aron buhun gyaɗar da ya ware don iri, na sa masa tsohuwar riga, na kwantar da shi a tabarma. Inna ce ƙararrawa: ta buga cokali a faranti in fara, ta sake bugawa in tsaya. In gaishe da buhu da Turanci, in faɗa masa sunana, in nemi izininsa kafin in taɓa shi. Maƙwabciyarmu Iya Talatu ta jiyo ni, sai ga ta da ƙwaryar rubutu da turaren hayaƙi, wai boko ya taɓa mini kai. Na karɓa na shanye, na yi godiya. In na fita majalisa, abokaina su tare ni da tambayar ya jikin buhu. Su kuma tsofaffi tuni suke kirana Nas, suna miƙo mini hannu in auna musu jini, suna lissafin ranar da zan zauna a ɗakin shan maganin garinmu da ba shi da ma'aikacin jinya. Ban san da wane baki zan gaya musu ba in abin ya ƙi.

In aka kaɗa ƙarfen firamaren da ke bayan gidanmu, gabana faɗuwa yake. A sallah sai in rasa raka'ar da nake. Kwanan nan Inna ta ajiye cokalin, ta ce ba za ta ƙara bugawa ba, don ta ga yadda nake zabura. Ba ta san maganar fuskar ba. Na ɓoye mata ne don kada in tayar mata da Habu, kuma na san wannan wasiƙa ba za ta rasa mai karanta mata ba. Da akwai wata hanya da ban bi wannan ba.

A kan buhu ba na kuskure ko ɗaya, Hajiya. Sai dai buhun gyaɗa ba shi da fuska.

Don haka ina roƙonki abu uku. A buɗe wa masu maimaitawa ɗakin gwaji kafin jarrabawa, ko da malami zai tsaya a kanmu ya ga ba mu ɓata komai ba. A bar ƙannenmu su saba da mutum-mutumin nan tun daga shekarar farko, baƙi ma za su fi son su gan shi da alamar hannu a jikinsa. A kuma ware malami ɗaya da ɗalibi zai iya gaya wa yana jin tsoro ba tare da an yi masa dariya ba, domin ba ni kaɗai ba ne, ni ne dai na faɗa. Ni nawa mai sauƙi ne. A bar ni in zauna kusa da shi, in yaye zanen da hannuna, in mayar, in sake yayewa, ba ƙararrawa a kaina.

Ruwan shuka na sauka Baba zai kwance buhunsa, jarrabawar kuma tana tafe a wannan tsakanin. Lokacin ya matso, ranki ya daɗe.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya raya miki zuri'a, ya sa ki gama da wannan kujera lafiya. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ni kuma ya ba ni ikon in dubi roba in ga roba.

Wassalam.

Ɗalibinki,
Sunusi