Amon Wuyan Keken Autata

Malama, ki taimake ni da shawara, kwana uku ke nan wani abu na damuna.

Shekara talatin da huɗu ina gyaran keke a gindin bishiya ɗaya. Da facin taya na yi wa autata karatu har ta zama injiniya. Yanzu ita da abokan aikinta uku sun kama wani tsohon sito, suna ƙera keken ɗaukar kaya mai batir. Ran Asabar ta kai ni, ta ce in hau. Malama, tudun da nake sauka in tura keke tun ina da baƙin gashi, shi na haye da buhu biyu a baya, ƙafa kawai na ɗora a feda. Ba ƙara, ba hayaƙi! Da na kai sama sai na tsaya ina tasbihi, hawaye na zuba. Yarinyar da ke riƙe mini bahon ruwa ina neman inda taya ta huje, wai ita ta yi wannan. Ikon Allah!

To, ga inda gizo ke saƙa. A sana'armu keke ba ya barin hannunmu sai mun ƙwanƙwasa ƙarfensa da sifana mun saurara. Hannu ya saba, na ƙwanƙwasa. Ko'ina amo garau, ban da wuyan keken, inda aka yi walda. Nan kam kamar tsagaggen kwano. Na san amon nan sarai. Wata uku, wata shida, zai karye, kuma da ɗan wani a kai.

Ran Alhamis masu zuba jari za su zo, in sun gamsu a ƙera ɗari biyar. Autar tawa ta ce kwamfutarsu ta auna komai, lafiya lau. Ni da ban wuce aji uku ba, ina ni ina ƙaryata kwamfuta? Uwarta ta ce in ja bakina in yi shiru, kada in watsa wa yarinya ƙasa a ido. Tsoron faɗa nake, tsoron shirun ya fi.

Tsohon Mai Faci

Baba, Allah ya raya maka ita, ni ma daga nan na ji daɗin hawan tudun nan.

Uwarta na da gaskiyarta. Irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, kuma kunne ma yakan yi kuskure. Amma kwamfuta zane ta auna, ba hannun mai walda ba. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Yau za ka je, ba gobe ba. Ka same ta ita kaɗai, kada a gaban abokan aikinta. Ka ba ta sifanar ta ƙwanƙwasa da hannunta, ta ji bambancin, sannan su loda wa keken kaya su gwada wurin da kyau. In ka yi kuskure, yini ɗaya suka ɓata. In ka yi daidai, gyaran keke ɗaya ya fi kwaso ɗari biyar daga hannun mutane, kuma mai zuba jari na ƙwarai ya fi yarda da wanda ya gano aibin kayansa da kansa.

Ka tuna, Baba, injiniyoyi uku gare ta, amma kai ta miƙa wa keken. Ta san hannun da ta ba. Ɗauki sifanarka ka tafi. Allah ya sa a dace, ya tsare duk wanda zai hau.