Ɓerayen da Kika Yi wa Magani

Zuwa ga 'yata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya ba ki lafiya, Ya ƙara miki hankali, don shi kika fi buƙata. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, yayarki kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu. In na fahimta, aikinku shi ne ku ɗura wa ɓeraye ƙwayayen tsutsar ciki, ku ga yadda garkuwar jikinsu za ta yi. Masu ƙarfin garkuwa kan kori tsutsotsin cikin mako uku, masu rauni kuwa su yi ta ramewa. Raunanan aka ba ki ki riƙa aunawa kowace safiya har kwana arba'in. Da kika ga sun takure a lungun keji, gashinsu a tashe, sai kika zuba musu maganin tsutsa a kwalbar ruwansu a ɓoye. Aka buɗe hanjinsu ba a ga komai ba, aikin mutum shida na shekara guda ya lalace, farfesanku ya ce ki tattara kayanki.

Kin ce zuciyarki ce ta kasa ɗauka. Ina wannan tausayin lokacin da kakarki ta yi wata huɗu a kwance, ni kaɗai nake juya ta, kika ce ba za ki iya baro ɓeraye ba? Kuma da hannunki kika rubuta cewa duk da maganin sai da aka yanka su. To, wa kika ceta? Na karanta wa babanki, ya ce 'yarsa mai imani ce, har da share hawaye. Na ce masa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kina tambaya ko ki dawo gida. Kada ki dawo. Na sa keken ɗinkina a ɗakinki, kuma ban shirya yi wa maƙwabta bayanin abin da ya koro ki ba. Ki koma wurin farfesa ki durƙusa, ko wankin keji ya ba ki ki karɓa. In ya ƙi, ki nemi abin yi a can.

Kawunki direba, gwaggonki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Har yanzu Dakta suke kiranki. Ban faɗa musu ba, ke za ki rubuta ki faɗa musu da kanki.

Ni ce,
Mahaifiyarki