Sunan da Aka Kafa wa Ruwanmu

Riyad, daren Laraba, watan Sha'aban

Tun shekarar babban farin da ya ƙarar da shanu nake gadi a garin nan, ban taɓa kwana da baƙin ciki irin na yau ba.

Sale ɗan ƙanena ya dawo daga gida. Ya ce gwamnati ta mai da duwatsunmu gandun daji, an tashi ƙauyenmu, gwaggon biri ne ke yawo a makiyayar da muka yi kiwo. Wannan na haɗiye. Sai ya ce har allo an kafa a gangaren ruwa, an rubuta Mi'anda.

Na ce, "Ina ne kuma Mi'anda?"

Ashe wani ma'aikacin gwamnati ne ya tambayi wata Bafillatana sunan wurin, ta ce "mi anda", wato ban sani ba. Shi kuwa ya rubuta.

Tsallen Ɓauna ne sunansa! Nan ɓauna ta kori kakana, ya kama saiwa a bakin gangaren, ita ta zarce ta faɗa ƙasa. Ubana yana kwance a gefen ruwan nan.

Sale ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ma'alesh, ba komai, suna ne kawai." Kuma a hira har sau biyu bakinsa ya ce Mi'anda. Jinina ke nan. Idan na mutu cikin yashin nan, Bansaniba ya tabbata.

Gobe da asuba, kafin in shayar da ciyawar kafili, Balaraben da nake wa gadi, zan zauna a gaban motar Sale. Ba zai tayar ba sai ya jero min sunan kowane rafi, daga gindin dutse har ƙoli.